Abin da na koya a binciken sankarar baki

Da aka ba ni aikin bibiyar sababbin hanyoyin gano sankarar baki a karatuna a nan Zariya, kayan aikin ne suka fara ɗauke mini hankali. Akwai fitila mai shuɗin haske irin VELscope: idan aka haska baki, lafiyayyen nama ya yi kore-kore, wurin da ake zargi ya yi duhu. Akwai shuɗin rini da ake shafawa ya kama wurin, da ɗan burushin da ake goga wa gyambo a kwaso ƙwayoyin halitta. Yanzu ma yawu ake bincika ana neman alamun cutar a cikinsa, ana kuma koya wa kwamfuta duba hoton bakin da aka ɗauka da waya.

Amma har yau babu wanda ya maye gurbin yanko ɗan nama a duba shi a ɗakin gwaji. Fitilar takan nuna duhu a inda kumburi ne kawai, ko inda mutum ya ciji kumatunsa. Nuni take yi, hukunci kuwa na gwajin nama ne.

To a nan gizo ke saƙa. Mutanenmu da dama sun yarda cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi sai ya fusata. Na ga dattijon da ya zo da gyambo a gefen harshe, mai taurin baki, ya ce ya yi watanni yana kurkure shi da ruwan bagaruwa. Da aka ambaci yanka sai ya gyara hularsa ya ce, "Likita, bari dai in je mu yi shawara da 'yan'uwa." Malaminmu bai yi masa gardama ba. Kujera ya jawo kusa da shi, ya ce, "Baba, abin da za mu ɗiba bai kai ƙwayar wake ba, kuma sai mun kashe wurin tukuna." A ganina irin waɗannan mutane ne gwajin yawu zai fi yi wa rana idan ya tabbata, domin wanda ke gudun wuƙa ba zai ƙi tofa yawu a kwalba ba.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba shi da na'ura ko ɗaya. A Kerala ta ƙasar Indiya an horar da ma'aikatan lafiya su bi gida-gida suna duba baki da ido. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu shan taba ko giya. Dubawar ma ba ta da wuya: a kamo harshe da ɗan ƙyalle, a leƙa gefensa da ƙarƙashinsa, a nemi farin tabo ko ja, a shafa wuya ko akwai kaluluwa.

Mai gyambon baki a Sabon Gari ko Tudun Wada kemis yake fara zuwa, ba asibitin koyarwa da ke Shika ba. Shi ya sa na karkatar da bincikena kan masu kemis da ƙananan asibitocin unguwa: ko suna tambayar tsawon lokacin da gyambon ya yi, kuma ina suke tura wanda nasa ya haura mako uku bai warke ba.