Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin Juye

Assalamu alaikum. A makon jiya na yi alkawarin zan ci gaba da labarin aurena da tarewarmu a Unguwar Rogo. Ku yi mini haƙuri, auren zai jira. Tunda na ambaci Kawu a kashin baya zuciyata ta koma gareji, ta ƙi fitowa, kuma akwai maganar da dangi suka ce a binne tun tuni, ni kuwa har yau tana ci mini rai.

Kawu, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta, yana da magana guda wadda duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa ta gyaran babur da ke Dilimi a Jos ya haddace: "Wanda ya ƙi sayen mai, zai sayi inji." Ba ya ɗaga murya in zai faɗe ta. Yana goge hannu da tsumma, ko kallon mai babur ɗin ba ya yi.

Lokacin da Inna ta kama hannuna ta kai ni wurinsa, zamanin babura masu hayaƙi ne, Suzuki da Jincheng. Irin wannan inji yana ƙona baƙin mai tare da fetur. Akwai ɗan tanki a gefe na man 2T, wato baƙin man irin wannan inji, da ɗan famfo da ke aunawa yana turawa. 'Yan acaɓa sai su kashe famfon, su riƙa tsiyaya man mota a tankin fetur da murfin galan, yadda ido ya ba su. Shi ya sa in ka tsaya a Terminus da yamma idonka sai ya yi yaji. Filogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, babur ya kasa hawan tudu. Aikina na farko a duniya shi ne ƙona salansa: a cire ta, a sa a wuta har daskararren man da ke ciki ya ƙone, a bubbuga, toka ta zubo. Na sha wannan hayaƙin har Inna ta ce ko an wanke rigata warin ba ya fita.

Rikicin da ya faru a garin nan a Satumbar 2001 da gobarar babbar kasuwa ta shekarar da ta biyo baya, ba yau zan shiga ba. Mun tsira, mun koma rumfa, shi ke nan.

A 2006 aka hana acaɓa a cikin birnin Abuja, zamanin El-Rufai yana minista. Yara da yawa suka dawo gida da baburansu, aiki ya yi mana yawa. A tsakanin nan ne kuma Bajaj ya fara cika titi, masu hayaƙi suka fara ja da baya. Nan kanikawa da dama suka rikice, don injin ya sauya hali. Shi wannan ba ya ƙona baƙin mai. Man yana kwance a cikinsa, kusan lita guda, yana zagayawa, kuma man nan guda ɗaya shi ke hidimar fistin, shi ke hidimar giya, a cikinsa kuma kuloci yake jiƙe. Kawu bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, amma shi ya fara gane cewa man mota ba lallai ya dace da babur ba. Wani man motar ana sa masa sinadarin ƙara santsi, to in ya shiga faifan kuloci sai kuloci ya riƙa zamewa: ka murɗa, inji yana ihu, babur ba ya gaba. Ya sa ni na riƙa karanta masa jikin galan. In bai ji 4T ba, in bai ji JASO MA ba, wato alamomin da ke nuna man ya dace da irin wannan babur, sai ya ce a mayar wa mai shago.

A nan Yaya Babba ya shigo labarin. Kun san shi ai, ɗan Goggo, wanda na ba ku labarin rabon gonar Baffa da shi. Allah Ya buɗa masa a harkar dankali, ya sayi sababbin Bajaj Boxer ya raba wa yara suna kawo masa balas kullum. Goggo da kanta ta zo har rumfa ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan, kada kuɗin gyara ya fita waje." Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Muka yi tsari: duk yaron da lokacin juyensa ya yi, wato canjin baƙin mai, ya karɓi kuɗi wurin Yaya, ya kawo mini babur.

Bari in faɗa muku yadda ake juye a hannun Kawu, don in ba ku san wannan ba, ba za ku gane zafin abin da aka yi mini ba.

Ba a juye da inji mai sanyi. A tayar da shi ya ɗan yi ɗumi, man ya saki jiki, dattin da ya kwanta ya taso. A ɗora babur a babban jak a wuri mai daidai. A goge kewayen notin ƙasa kafin a taɓa shi, don ƙasar da ta manne kada ta shiga. A sa sifana mai zobe daidai da notin, ba filaya ba, ba guduma da kurfi ba. Man ya zubo a tasa, kuma Kawu ba ya yarda a kawar da tasar sai ya duba. Ya sa yatsa biyu ya murza, ya kai hanci, ya karkata tasar a rana. In ya ga ƙyalli-ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. In ya ji warin fetur kuma man ya yi ruwa-ruwa, kafireto ne ke yoyo cikin dare yana gangarawa, sai ya ce wa mai babur ya riƙa rufe makunnin fetur in zai kwanta. In man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, ko daga wanki ko daga tsallaka kwata da damina. Baƙi kawai ba ya tayar masa da hankali, don mai mai kyau dole ya yi baƙi, alama ce yana kwashe datti.

Sai rariya. Mutane da yawa har yau ba su san ƙananan baburan nan suna da matatar mai ba, don ba sa ganin gwangwanin filta irin na mota. Akwai 'yar rariya ta waya a ƙasan inji, a ciro ta a wanke da kananzir, a busar, a mayar yadda aka same ta. A da yawa daga cikinsu kuma akwai wani ɗan kofi a ɓangaren kuloci da ke juyawa tare da inji, yana wurga datti ya manne a jikinsa. Shi ba kowane juye ake buɗe shi ba, amma wanda bai taɓa buɗewa ba, ranar da ya buɗe sai ya kankare da sukundireba. Waɗanda ke da filtar takarda kuwa, ba a wanke ta. Na ga kanikawa suna wanke ta da fetur su mayar su karɓi kuɗin sabuwa, Allah Ya shirye su. Cire ta ake yi a sa sabuwa, da robar bakinta, a shafa wa robar ɗan mai.

A mayar da noti da washarsa, a ɗaure da hankali, don jikin injin alminiyom ne, in ka matsa da ƙarfin tuwo zaren ya tafi. A zuba mai gwargwadon abin da kamfani ya ce, kada ya gaza kada ya wuce. A tayar, a kashe, a ɗan jira, a duba geji. Daga nan Kawu ya ɗauki ƙusa ya huda galan ɗin a gaban mai babur. Duk galan ɗin da ya bar rumfarmu da huji yake fita, saboda masu bi suna saye su ɗura man banza su liƙe baki su mayar kasuwa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irin wannan kaya, amma ba su ƙare ba. Ni ma har gobe ina hudawa. Kuma a gaban mai babur nake fasa hatimin sabon galan, ko da ɗana ne.

To wata safiya cikin hunturu sai ga ɗaya daga cikin baburan Yaya an turo shi da hannu tun daga Farin Gada. Inji ya buga. Babur bai shekara ba.

Kafin in kai ga kwance shi magana ta riga ta kai gida. Yaron ya ce shi duk mako yana kawo mini juye. Yaya bai kira ni ba, bai tambaye ni ba. A tsakar gidan Goggo, gaban mata da yara, gaban wadda nake nema a lokacin, ya ce ina karɓar kuɗin mai mai kyau ina zuba na awo, ina cinye ragowar. Ya ce, "Ɗan'uwa ne ya yi mini haka." Inna ta dawo gida ba ta ci abincin dare ba.

Ni da ake huda galan a hannuna tun ina ɗan yaro.

Da na faɗa wa Kawu bai ce komai ba, sai ya ce kada in taɓa injin sai Yaya ya zo. Ya aika aka kira shi. Da ya iso, Kawu ya ce, "Zauna nan, ɗana. Kai kuma kwanta ka duba notin ƙasa, ka faɗa mana abin da ka gani." Na kwanta. Kan notin duk ya cinye, an dame shi da filaya, babu washa, an naɗe zaren da leda don kada ya yi yoyo. Kawu ya ce wa Yaya ya sunkuya ya gani da idonsa. Ya ce, "Wannan ba hannun rumfata ba ne." Da muka kwance, abin da ya fito bai kai rabin gwangwanin madara ba, kuma ba zuba yake ba, ɗiga yake kamar kwalta. Rariya ta toshe ɗam. Saman inji ya bushe, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, fistin ya kama jikin bulok ya yi masa zane. Muka buɗe akwatin iska, babu soso a ciki sam. Yaron ya cire ya yar, wai babur ya fi gudu. A hunturun Jos! Duk ƙurar nan da ke rufe duwatsu, injin yana shaƙa kai tsaye, tana haɗuwa da mai tana goge ringi.

Sai na ɗauko littafina. Kawu da gawayi yake rubuta ranar juye a bango, ni kuwa a littafin makaranta nake rubutawa, da lambar babur da abin da mita ta nuna. Rabon babur ɗin da rumfarmu tun kafin ƙaramar salla. Yaron yana karɓar kuɗi, ya je bakin titi a tsiyaya masa na kwalba, ya soke canji. Na kwalbar nan kuwa sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran da ke wanke inji da hana shi ci ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. A ido yana da kauri, 'yan acaɓa kuma suna son kauri, sun ɗauka shi ne ƙarfi. Alhali a garin da asuba ruwan randa ke sa hannu ya ƙage, mai mai kaurin tsiya ba ya saurin hawa saman inji, kuma a 'yan daƙiƙun farkon nan ne inji ya fi ciwo. Amfanin lambobi biyun da ke jikin galan ke nan, irin 20W-50: ta farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu yadda yake riƙe jikinsa in inji ya yi zafi.

Kawu ya goge hannunsa ya ce, "Wanda ya ƙi sayen mai, zai sayi inji." Yaya ya sayi fistin da ringi da bulok da kayan saman inji. Ni na ɗaura, ban karɓi ko sisi na aiki ba, don Inna ta ce kada in karɓa.

Abin da nake jira bai zo ba. A tsakar gida aka kira ni ɓarawo, a rumfa aka wanke ni, gaban mutum uku da yaran gareji. Yaya bai taɓa komawa tsakar gidan nan ya ce, jama'a, abin da na faɗa ba haka ba ne. Goggo ta ce, "Haba ɗan nan, ai ya wuce, zumunci ya fi babur." Na sani, Goggo. Ban ce babur ya fi zumunci ba. Amma akwai matan da suka ji maganar farko suka yi aure suka tafi Bauci da Lafiya da ita, ba su ji ta biyu ba. Har a sunan ɗana na fari wata ta yi mini ba'a da ita, tana dariya, ta ɗauka wasa ne.

Da aka hana acaɓa a Jos da Bukuru zamanin Jang, Yaya ya sayar da baburan ya koma Keke Napep. Wani bakanike ya kai wa, ba ni ba. Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu, mun dai ci mun sha, Kawu ya rasu, rumfa ta dawo hannuna.

Abin da ya taso mini da maganar ma, bayan an cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, galan ɗin lita guda ya zama abin da mutum ke tsayawa ya yi lissafi. Sai na ga halin nan yana dawowa. Mutum ya zo ya ce in ƙara masa kaɗan a kan tsohon, juye sai wani watan. Ƙari ba juye ba ne, dattin yana nan a ciki. Ni abin da nake faɗa wa masu aiki da babur kullum a ƙurar nan, kada su haura kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba su juye ba, sabon babur kuma a yi masa na farko da wuri yadda littafinsa ya ce, don yana zubar da garin ƙarfe. Mai ajiye babur sai Juma'a shi ma kada ya ce ai bai yi tafiya ba, mai yana lalacewa a zaune. Soson iska a wanke da kananzir, a matse ba a murɗe ba, ya bushe, a shafa masa ɗan mai. In na faɗi haka wasu su ce bakanike na neman ciniki ne. Sai in ji maganar Kawu ta zo mini har baki.

Ana cikin haka, kafin babbar sallar da ta wuce, sai ga ɗan Yaya na biyu, wanda ke karatu a Jami'ar Jos, ya turo roba-robarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba ƙarami, Abba ne ya ce in kawo maka, wai kada in kai wa kowa." Na yi masa juye, na wanke rariya, na fasa hatimi a gabansa, na huda galan na miƙa masa. Ya tambaye ni dalilin hujin, na faɗa masa na masu ɗura man banza kawai, ban faɗa masa sauran ba, don ba shi ya yi mini ba. Maman yara ta ce aiko yaron da Yaya ya yi shi ne ban-haƙurinsa, in karɓa. Ni ban karɓa a haka ba. Goggo tana raye, tsakar gidan yana nan, Yaya ya san hanya.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma kan auren, da yadda wannan magana ta kusa sa baban yarinyar ya mayar mana da kayan gaisuwa.