Neman adireshin IP da lambar AS ga ƙaramin mai raba intanet a karkara

Mu masu raba intanet a karkarar Jigawa kusan duk hanyarmu ɗaya ce. Ka sari layi daga babban kamfani, ka kafa ƙarfen sabis da sola da batura, ka riƙa jefa wa masu POS da kemis-kemis da cibiyoyin jarrabawar JAMB da injinan casar shinkafa ta eriya. Wanda ka sari layin a wurinsa zai ara maka adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, galibi guda takwas, wanda ake rubutawa /29, kuma biyar ko shida ne ke moruwa a ciki. Da su kowa ke farawa. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da kuka ɓata da mai layin, ko ka sami wanda ya fi shi rangwame, zai karɓe lambobinsa, kai kuma ka hau babur kana bin kwastomomi daga Ringim har Taura kana sauya saitin kyamarorin tsaro da na saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai wasu su shiga daga nesa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, da lambobin aro ba za ka iya riƙe layi biyu su rufa wa juna asiri ba. In masu aikin titi suka datse wayar faiba, kowa ya zauna jiran gyara.

Maganin shi ne ka mallaki lambobinka da kanka. Cibiyoyi biyar ne ke raba su a duniya, kuma tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, wadda aka tabbatar da ita a 2005. Abu uku ake nema a wurinta: yankin adireshin IPv4 (tsohon tsarin lambobin), yankin IPv6 (sabon tsarin), da lambar AS. Lambar AS ita ce sunan yankan kamfaninka a tsakanin manyan hanyoyin sadarwa. Da ita rautarka, na'urar da ke nuna wa data hanya, ke shelanta wa duniya, ta tsarin BGP da kamfanonin sadarwa ke musayar hanyoyi da shi, cewa lambobi kaza a gidana suke.

IPv4 ya yi ƙaranci, dole mai nema ya san haka tun kafin ya fara. Adireshinsa gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba, babban rumbun duniya ya ƙare a Fabrairun 2011, ita kuma AFRINIC ta shiga mataki na biyu na rabon tsimi a Janairun 2020. A wannan matakin mafi yawan abin da za a ba ka a buƙata ɗaya shi ne /22, wato adireshi 1,024, mafi ƙaranci kuma /24, wato 256. Kada ka raina /24. Shi ne ƙaramin yankin da manyan kamfanoni ke yarda su ɗauka a BGP, duk abin da ya gaza shi tacewa ake yi a zubar.

Kafin ka buɗe fom, tara takardunka: shaidar rajistar kamfani ta CAC, lasisin NCC, yarjejeniyarka da masu ba ka layi, rasiɗan kayan aikin da ka saya, da zanen yadda hanyar sadarwarka take. Sunan kamfani ya zama iri ɗaya a kan dukkansu, harafi da harafi. Mai sayar wa jama'a intanet yana shiga ne a rukunin da ake kira LIR, shi ke da ikon yanka wa kwastomomi lambobi. Makaranta ko asibitin da zai yi amfanin kansa kawai, nasu rukunin daban ne.

Inda aka fi makalewa shi ne jadawalin amfani da adireshi. Masu tantancewa ba kwaɗayinka suke aunawa ba, buƙatarka suke aunawa. Sai ka rubuta dalla-dalla: ƙarafen sabis nawa gare ka, kowanne kwastoma nawa yake ɗauke da su, mutum nawa ne lallai sai an ba su adireshin kansu, nawa za a haɗa wa guda. Mu ɗauka kana da gidaje da shaguna 600. Ba 600 za ka nema ba. Yawancinsu za su zauna a bayan CGNAT, wato dabarar haɗa kwastomomi da yawa a kan adireshi ɗaya, a yankin 100.64.0.0/10 da aka keɓe don haka. Kowane adireshi yana da ƙofofi 65,535, in ka ware wa kowane kwastoma ƙofa 2,000, mutum kamar 32 za su hau adireshi ɗaya, kenan ashirin sun ɗauke su duka. Ragowar ka lissafa wa rautoci, sabobi, da masu kyamara ko ofisoshin da ake shiga daga waje. Jadawali irin wannan, wanda kowace lamba ke da dalilinta, ya fi saurin wucewa a kan wanda aka kumbura. Ka tuna kuma ba za a ƙara maka ba sai ka nuna ka cinye kashi 90 cikin ɗari na wanda ke hannunka.

IPv6 kuwa a nema tare, kada a ce sai gaba. Ana ba LIR /32, wanda za a iya yanka shi gida 65,536 na /48. Facebook da YouTube da Google duk suna tafiya a kansa, kuma su ne suka fi cin data a garuruwanmu, don haka duk abin da ya bi ta nan ya rage wa CGNAT nauyi.

Wajen lambar AS za a tambaye ka da su wa za ka haɗu, a ba da lambobin AS ɗinsu da wanda za a tuntuɓa. Masu layi biyu, ko ɗaya tare da IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet ta Najeriya, wadda ke da reshe a Kano, sun wadatar. Ina jan kunne a nan: ka bincika ko layukan biyu ba a rami ɗaya wayarsu take ba. Kamfani biyu a bututu ɗaya, layi ɗaya ne.

In an amince, sai sa hannu a yarjejeniya da biyan kuɗi. Da dala ake biya, akwai na shiga akwai na kowace shekara, saboda haka a tanadi asusun dala tun da wuri, a kuma sa kuɗin cikin lissafin farashin da ake caji. Wanda ya daina biya ana iya karɓe lambobinsa. Batun lokaci, kada ka yanka wa kwastoma rana. AFRINIC ta sha fama da shari'a har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023, ga shi kuma tambaya da amsa kaɗai kan ci makonni.

Samun lambar rabin aiki ne. Dole ka shigar da bayanin hanya a rumbun WHOIS na AFRINIC, inda ake rajistar masu lambobi, mai nuna cewa yanki kaza daga AS kaza yake fitowa, domin da shi masu layi ke gina matatarsu. In babu shi, rautarka za ta nuna BGP ya haɗu lafiya lau, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Sai takardar ROA ta tsarin tantancewa na RPKI, wadda ke tabbatar da cewa lambar AS ɗinka ce ke da izinin shelanta yankin. A duba ta sau biyu kafin a danna, don in ka sa lambar AS da ba daidai ba, ko ka ce iyakarka /22 alhali kana shelanta /24, manyan kamfanoni za su ɗauke ka ɓarawon hanya su yar da kai. Alamar hakan ita ce wasu shafuka na buɗewa, wasu sun ƙi.

A kan rautar ma akwai tarko biyu. Taswirar hanyoyin IPv4 ta duniya ta kai kusan miliyan ɗaya, ƙaramar rautar MikroTik ba za ta iya haɗiye ta ba, gara ka ce a turo maka hanyar fita guda ɗaya tak daga kowane layi. Na biyu, ka sa matata ta yadda lambobinka kaɗai za su fita. In ka manta, sai ka wayi gari kana ɗauko hanyoyin wannan kamfani kana miƙa wa wancan, kayan da ba naka ba su toshe ɗan layin da ka saya.

Kalmar sirrin MyAFRINIC, wato asusunka a shafin AFRINIC, da ta WHOIS, kada a bar su a hannun injiniya ɗaya ko a imel ɗinsa na kansa. A buɗe imel da sunan kamfani, a sa mutum biyu a matsayin wakilai. Akwatin karɓar ƙorafi shi ma a riƙa leƙa shi kullum, domin kwamfuta ɗaya mai ƙwayar cuta a shagon buga takardu ta isa ta sa a saka adireshin da mutum talatin ke hawa cikin baƙin jeri, masu POS su fara kiranka tun kafin a sauko daga sallar asuba.