Sunan Akanta da maki 43

Tun kafin in zauna jarrabawar ƙwarewa ko sau ɗaya, mutanen layinmu a unguwar Aboabo ta birnin Kumasi sun riga sun raɗa mini suna Akanta. Kawuna ne ya jawo, domin da ya ji na sami aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin sayar da kayan gini a Adum, ya kuma ji na yi rajista da cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ghana, wadda aka fi sani da ICAG, sai ya haɗa labaran biyu ya baza su a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar. Daga ranar mai koko da ƙosai ta bakin titi ta daina kiran sunana na yanka, kwamitin masallaci kuma suka damƙa mini littafin kuɗin gyaran rufi. Na ji daɗi ƙwarai a lokacin, ban kuwa lura ba cewa bashi na ci, bashin da za a riƙa tambayata labarinsa kowace safiya cikin fara'a da fatan alheri.

Wanda bai san harkar ba yana ɗauka jarrabawa ɗaya ce ake yi a huta. Ita cibiyar an kafa ta ne da dokar majalisa a 1963, aka sabunta dokar a 2020, kuma a tsarin karatun da na tarar takardu 14 ne a matakai uku: huɗu a matakin farko, shida a na biyu, huɗu a na ƙarshe. Kowace takarda sai mutum ya sami maki 50 cikin 100 kafin ya wuce, kuma maki 49 da maki 10 duk hukuncinsu ɗaya ne, wato a sake biyan kuɗi a dawo. An yafe mini wasu takardun matakin farko saboda difilomar da nake da ita, sauran kuma na haye su ba tare da wata wahala ba, abin da ya ƙara mini yarda da kaina fiye da kima. A mataki na biyu ne na gamu da takardar tsara rahoton kuɗi na kamfanoni, wadda ake yi bisa ƙa'idojin duniya na IFRS da Ghana ta rungumta tun 2007, kuma a nan ƙafata ta maƙale fiye da shekara guda.

Rayuwata a wancan lokaci ba ta da wani sarari. Ina fita da sassafe, in wuni a kan rasitai da littafin kaya, in tsaya layin tiroto, wato motar haya, da yamma, in iso gida dab da Magariba da kai kamar an ɗora masa dutse. Makon farko da na biyu na kowane wata sun fi tsanani, saboda kuɗin fanshon ma'aikata na SSNIT da harajin albashi dole a miƙa su kafin tsakiyar wata, harajin VAT kuma yana jira a ƙarshensa. Bayan sallar Isha'i nake buɗe littafi a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda rediyon wannan yake gasa da kukan yaron wancan, idan kuma aka ɗauke wuta sai in koma ga fitilar waya. Ataya ce ta zama abokiyar karatuna, kofi bayan kofi, har ƙarfe ɗaya na dare.

A ƙarshen 2021 na zauna takardar a karo na farko. Ranar da sakamako ya fito ina zaune a ofis, na duba a wayata a ƙarƙashin tebur, na ga 43. Na kashe wayar, na ci gaba da shigar da rasitan siminti kamar babu abin da ya faru. Da na koma gida Inna ta tambaye ni ko akwai labari, sai na ji bakina ya ce ba a fitar ba tukuna. Wannan ƙaryar ita ce babban kuskurena, ta fi faɗuwar kanta yi mini illa, domin faɗuwa rana ɗaya ce, ita kuwa ƙarya kullum sai an yi mata ban ruwa. Na fara sauya hanya don kada in bi ta gaban majalisar su Kawu. Idan mai koko ta ce, "Akanta, an tashi lafiya?" sai in ji kamar da gayya ta faɗa, alhali baiwar Allah ba ta san ma ana wata jarrabawa ba.

A cikin wannan shirun ne kokwanto ya sami wurin zama. Ba ya zuwa da hujja, da tambaya yake zuwa, kuma ya fi son ƙarfe biyu na dare. Wa ka taɓa gani a danginku ya kai wannan matsayi? Waɗanda suke wucewa ba irinka ba ne, su sun yi manyan makarantu, suna da ɗakin karatu da iyayen da suka san hanya. Har aikin da na shekara ina yi daidai na fara shakkarsa, in haɗa lissafi sau uku kafin in miƙa, in kuma koma gida ina tunanin ko na sa adadin a inda bai kamata ba. Abin mamaki shi ne ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda maki bakwai ɗin suka zube ba. Na yanke wa kaina hukuncin cewa ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba, wanda kuwa ya yarda da wannan ba shi da abin bincike kuma.

Maganin da na ɗauka shi ne ƙara awoyi. Zama na biyu ya faɗo cikin azumin 2022, sai na mayar da daren gaba ɗaya na karatu, daga bayan asham har sahur, in ɗan runtsa awa biyu in tafi aiki. Na karanta littafin daga bango zuwa bango har sau biyu, na ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla. Jikina ya fara kai ƙara: ciwon kai da ba ya sauka, bugun zuciya idan na kwanta, da saurin fushi har ƙanwata ta daina shigowa ɗakina. A zauren jarrabawa kuma na maimaita abin da na yi a karon farko ba tare da na sani ba. Tambaya ta ɗaya ita ce ta haɗa asusun uwar kamfani da na kamfanin da ke ƙarƙashinta, aikin da ya ƙunshi fitar da ƙimar suna da rabon ƙananan masu hannun jari da ribar da ba a riga an samu ba a cinikin da ke tsakaninsu. Na gama, ɓangarorin lissafin biyu suka ƙi daidaita. Zufa ta karyo mini, na koma farko, na sake komawa, ina jin cewa idan na bar wannan a karkace to na tabbatar da duk abin da muryar nan take faɗa mini. Da na ɗaga kai na dubi agogon bango, fiye da awa guda ta tafi. Tambaya ta ƙarshe layi huɗu kawai na rubuta mata. Sakamako ya zo da 47.

Wannan karon ban iya riƙewa ba. Na sami Inna da dare tana tsince wake a faranti, na zauna a bakin tabarma, na faɗa mata duka, har da ƙaryar farko. Ba ta ɗaga kai ba sai da na gama.

"To, nawa ake nema?" in ji ta.

Na ce, "Hamsin, Inna."

"Kai kuma nawa ka samu?"

"Arba'in da bakwai."

Sai ta ajiye farantin ta dube ni. "Yanzu uku ɗin nan ne ya hana ka cin tuwo wata da watanni? Ni na ɗauka kuɗin mutane ne suka ɓace a hannunka." Ta ce ta daɗe da sanin akwai abin da nake ɓoyewa, tun ranar da na ce ba a fitar ba na kuma shige ɗaki ban nemi abinci ba. Ta tuna mini da makarantar allo, lokacin da Malam ya tsayar da ni kusan wata guda a wuri ɗaya ya hana ni wanke allo, ina kuka ina cewa na iya, shi kuma yana cewa in kife allon in biya ya ji.

Inna ba ta san komai game da ƙa'idojin rahoton kuɗi ba, amma a daren nan ta yi mini abu biyu. Ta mayar da dodon da na yi wata da watanni ina gudu ya koma lamba ƙarama da za a iya riƙewa a tafin hannu, sannan da zancen kife allo ta nuna mini ramin da ke cikin karatuna. Duk tsawon lokacin nan kallon allo nake yi. Idan mutum ya karanta amsar da wani ya warware, komai yana bayyana a fili har ya ji ya iya, amma ganewa daban, iya fitarwa daga ka daban, kuma ɗan makarantar allo ya san wannan tun yana shekara bakwai.

Da bakina ya buɗe a gida, sai ya buɗe a waje. Na gaya wa wata babbar ma'aikaciya a ofishinmu wadda ta riga ta kammala, na kuwa yi mamaki da ta yi dariya ta ce ita sau uku ta zauna takardar binciken asusu. Ita ce ta sa ni zama da rahotannin babban mai duba jarrabawa, waɗanda cibiyar take fitarwa tare da tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, ni kuwa a da tambayoyin kawai nake dubawa in tsallake bayanin. Ta ɗauki biro ta yi mini lissafin da ya kamata in yi tun farko: awa uku minti 180 ne, maki 100 ne, wato kowane maki yana da minti 1.8, tambaya mai maki 20 kuma minti 36 ne rabonta. Ta ƙara da cewa ana ba da maki a kan kowane mataki na aiki da aka nuna, saboda haka wanda ya yi kuskure a adadi ɗaya ya ci gaba da hanya daidai zai kwashi mafi yawan makin, ko da jimillarsa ba ta daidaita ba. Ashe ina kashe rabin awa ina farautar maki ɗaya ko biyu, na bar maki 20 a kwance a shafi na ƙarshe.

Na tsallake zama na gaba da gangan, abin da a da zan ɗauka a matsayin ragwanci. Akwai kuma dalilin aljihu, domin 2022 shekara ce mai wuya: dala da ta fara shekarar a wajen sidi 6 ta haura 13 kafin ƙarshenta, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Abokaina da suke bin tsarin ACCA na Ingila, wanda ake biyan kuɗinsa da fam, wasunsu dakatarwa suka yi gaba ɗaya. Na rage awoyin karatu zuwa biyu, na mayar da su bayan sallar Asuba lokacin da gida yake shiru, na daina shan ataya bayan Magariba, na kuma ɗauki barcin awa shida zuwa bakwai a matsayin wani ɓangare na shirin. Kowace Asabar ina zuwa ɗakin karatu na jiha da ke harabar cibiyar al'adu, in ajiye agogo a gabana, in rufe littafi, in zauna cikakkiyar tsohuwar takarda ta awa uku, sannan in yi wa kaina maki ba sani ba sabo. Makonnin farko sakamakon ya yi muni, amma muninsa mai suna ne: yau harajin da aka jinkirta, gobe lissafin haya na IFRS 16. Abin da yake da suna ana iya ware masa safiya uku.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba, wani ya ce in ƙara addu'a, wani ya ce a yi mini rubutu in sha. Addu'a kam ban taɓa sakinta ba, kuma ita ce take kwantar mini da zuciya idan bugun nan ya taso, sai dai na ga ba daidai ba ne in roƙi Allah ya cika mini shafin da ni da kaina na ƙi ba shi minti 36 ɗinsa.

A ƙarshen shekarar na zauna karo na uku. Tambaya ta ɗaya ta sake zuwa da haɗa asusu, kuma kamar an yi da gangan, ɓangarorin suka sake ƙin daidaita, da bambancin da har yau ban san daga ina ya fito ba. Hannuna ya fara rawa, tsohuwar muryar ta taso. Na dubi agogo, minti 36 sun cika. Na ja layi a ƙarƙashin jimillar kamar yadda take, na juya shafi, kuma ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya a zauren jarrabawa ba. Na amsa duka biyar. Da sakamako ya fito na ga 58, kuma a tsakar gida na duba shi, Inna tana tsaye a kaina.

Kokwanton bai yi ƙaura ba. Ya sake leƙowa a 2023 lokacin da nake shirin takardar haraji, inda ƙasa take motsi a ƙarƙashin ƙafar ɗalibi: a watan Janairun shekarar aka ɗaga VAT daga kashi 12.5 zuwa 15, harajin tura kuɗi ta waya da aka fara da kashi 1.5 a Mayun 2022 aka rage shi zuwa 1, littafin da na saya da tsada ya tsufa a hannuna. Bambancin kawai shi ne yanzu idan ya zo, washegari akwai wanda zan gaya wa, kuma akwai takardar da zan zauna in gwada ko gaskiya yake faɗa.

Bayan na haye mataki na biyu na bi ta gaban majalisar su Kawu da rana tsaka. Ya ɗaga murya kamar kullum ya ce, "Akanta!" Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, da saura fa. Takarda huɗu suka rage, kuma wata na faɗi har sau biyu kafin in wuce." Ya yi shiru kaɗan yana dubana, sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wasu takardu a nannaɗe. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Kafin nan ga rasitan kwanon rufin masallaci, tun makon jiya suke jiranka."