Haɗa kiɗa da kibod ɗin kwamfuta: abin da aiki ya koya mini a Yamai

Samari da yawa da ke zuwa ƙaramin situdiyonmu a Yamai sun ɗauka sai mutum ya mallaki piyano na MIDI kafin ya fara haɗa kiɗa. Ni da kibod ɗin kwamfuta na koya, kuma har yau da shi nake fara yawancin aikina. MIDI, wato tsarin da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi, ba ya ɗaukar sauti, saƙo kawai yake kaiwa: wane sauti aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Haka yake tun fitowarsa a 1983, bayan ƙoƙarin Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland. Manhajar haɗa kiɗa ba ruwanta da inda saƙon ya fito, daga piyano ne ko daga kibod.

A manhajar FL Studio, danna Ctrl+T ke mayar da haruffa piyano: layin ƙasa daga Z shi ne do, re, mi, layin Q kuma ya ɗora sama. A manhajar Ableton Live harafin M ne ke buɗe wannan tsarin. Sai dai mu a Nijar yawancin kwamfutocinmu jerin haruffan kibod ɗinsu AZERTY ne irin na Faransa, masu koyarwa a YouTube kuwa da QWERTY, jerin Ingilishi, suke magana. Inda suka ce Z, kai W ke rubuce a gabanka. Na kan sauya kibod zuwa tsarin Ingilishi a Windows, in bar yatsa ya haddace wuri, ido ya daina bin harafi.

Wasu matsalolin suna da saurin magani. In sauti na zuwa a makare, a sa ASIO4ALL, wata ƙaramar manhajar sarrafa sauti, a rage bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) zuwa 256, jinkirinta wajen milisakan 6 ne. In ka danna maɓalli uku biyu suka fito, kibod ɗin ne ba ya karanta wasu haɗe-haɗe lokaci guda. Sai ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fi cin lokacina ita ce ta ƙarfin bugu. MIDI na auna shi har zuwa 127, amma maɓallin rubutu abu biyu ya sani, an danna ko ba a danna ba. Duk sautukan sai su fito da nauyi ɗaya. A kiɗan rawa na zamani wannan kan wuce ba a lura ba. A kiɗanmu kuwa asiri na tonuwa nan take, domin mai kalangu ba ya buga biyu iri ɗaya: yana matsa tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauko. Wata rana wani dattijo mai kalangu ya saurari abin da na haɗa, ya ce, "Yaro, wannan gangar taka ba ta magana." Na ce, "Baba, to buga mini in ji." Na ɗauki bugunsa, na zauna ina kwatantawa.

Tun daga nan aikina ya kasu biyu. Da kibod nake kama waƙar tun tana kaina, cikin minti kaɗan. Sa'an nan in buɗe allon gyara, in bi sautukan ɗaya-ɗaya da linzami, in ɗaga wannan zuwa 110, in sauke na bayansa zuwa 70, in zana hawa da saukar murya da hannu. Ba na barin manhaja ta jera bugu daidai kan layi ɗari bisa ɗari, musamman a kiɗa mai tafiyar 6/8 (bugu shida, uku-uku), inda ɗan jinkirin nan ne ke sa kafaɗa motsi. Wannan kashi na biyu kan cinye mini yini guda a kan waƙar minti huɗu.