Dokar kulle da mai Adaidaita

Ɗazu a cikin Adaidaita Sahu, rediyo na kunne, wani mai kiran waya yana ta kumfar baki wai ya kamata gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ambaliya kafin damina ta yi nisa. Direban, dattijo ne mai furfura, ya rage murya ya ce, "Ɗana, duk sanda na ji an ce doka ta musamman, gabana faɗuwa yake." Sai ya tuna mini daren 27 ga Afrilu 2020, da Buhari ya sanar da kulle Kano na mako biyu saboda korona, ga azumi an fara. Ya ce kwana uku kawai abincin gidansa ya kai. Keken ɗinkin matarsa suka sayar a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba, har yau bai maye mata shi ba. Bai faɗa da fushi ba, wannan ne ma ya fi taɓa ni.

Ni ban ga laifin kullen ba, cutar gaskiya ce, mun binne dattawa da yawa a lokacin. Amma an rufe kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari a kan mutanen da sai sun fita suke ci, tallafin kuma sai a watan Oktoba aka ga jama'a na fasa rumbunansa a Jos. Tun da na sauka nake tunanin matar nan, ko da me take ɗinki yanzu.