Godiya Kan Abin da Ya Sami Baba a Alƙahira

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi mun iso Madina, Baba yana barci a gefena, sugansa ya daidaita. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku yafe ni, wallahi jikina kamar wanda aka kirɓa a turmi.

Kun riga kun ji yadda aka yi: muna hanyar Umara muka yada zango a Alƙahira, sugan Baba ya sauka yana azumi har aka kai shi asibiti. Baba ne ya kafe, tunda jirgin Jidda sai tsakar dare, a kai shi ya ga masallacin Azhar da na cika masa kunne da labarinsa tun ina ɗalibi a can. Ya zauna a farfajiyar marmara yana ta kallon hasumiyoyi. Da na ce masa a watan azumin shekarar 361 ta Hijira aka fara sallah a wurin, kuma har ruwaƙi guda, wato sashen zama da karatu, aka taɓa ware wa ɗaliban Borno, sai Bakatsinen ya motsa, ya ce mu ma ai Malam Muhammadu al-Kashnawi, malaminmu na Katsina, a garin nan yake kwance, sai na kai shi ziyara. Lokacin bai kai ba.

Muna tsallakawa wajen masallacin Husaini, an jera teburan Ma'idatur Rahman da masu hali ke ciyar da duk wanda ya zauna, sai gumi ya keto masa, hannunsa ya kama rawa. Na zaunar da shi ina roƙonsa ya sha wani abu, ya ce mini, "Kai, saura ƙiris a kira sallah, ba zan zubar da azumin yini guda ba." Muryarsa har ta fara sarƙewa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Wani dattijo Bamisire da ke raba gurasa ya ajiye farantinsa, ya durƙusa a gaban Baba da kofin ruwan tsamiya mai sukari. Ya karanta masa ayar Baƙara da ta yi rangwame ga mara lafiya da matafiyi, ya ɗaga yatsu biyu, wato kai duka biyun ne, ya Hajj. Ni ɗansa ya ƙi ji, amma na wannan bawan Allah ya karɓa. Dattijon kuwa bai ɗanɗana komai ba, yana riƙe da kan Baba har aka kira sallah, sannan ya tare mana tasi. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna. Allah Ka san shi, Ka shayar da shi daga Alkausara, Ka jiƙan iyayensa, Ka sa 'ya'yansa su riƙe shi yadda ya riƙe mini mahaifina.

Na san ba ku so a faɗa, amma sai na faɗa. Ƙannena ɗaliban Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, da suka bar buɗe-bakinsu suka tarar da mu a asibiti, musamman kai Bazazzagi mai karatun likitanci da ka tsaya kan takardu har aka sake mana tikiti. Yaya Babba da ta turo kuɗi ban ko buɗe baki ba. Limamin unguwarmu da ya sa Baba a addu'a bayan tarawi. Allah Ya ba ku ilimi mai albarka, Ya buɗa muku ta inda ba ku zata, Ya kira ku ɗakinsa kuna da ƙarfinku, Ya sa kuna cikin 'yantattun watan nan.

Akwai kuma waɗanda jini ya haɗa mu, suka ga sanarwar rashin lafiyarsa, wasu har Baba ne ya aurar da su, amma ko sannu. Da ya farfaɗo ya tambaye ni ko sun kira, na ce layin ne ba kyau. Babu komai, wata ne na yafiya.

Likita ya hana shi azumi har sai mun dawo Katsina an sake duba shi, Umarar ma a keken guragu za a tura shi, yana ta faɗa a kan haka. Ku ci gaba da sa shi a addu'a. Mai saƙon da yake so a roƙa masa a Rauda ya turo, in na tashi daga barci zan duba.