Minti goman da nake nema wa yarana

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da wata 'yar makarantar koyon ƙwallo a Kano. Ba mu da filin kanmu, na wata firamare muke haya, mu share duwatsu mu ja layi da toka. Manyan yara suna atisaye bayan sallar asuba, ƙanana kuwa sai yammacin Alhamis da Juma'a, ranakun da ba a zuwa islamiyya, don na yi wa iyayensu alkawarin ƙwallo ba za ta ci karatu ba. Abin da ake biya a wata ba ya wuce kuɗin ƙwallaye da ruwan leda da ɗan ihsanin kociyoyina biyu. Takalma kuwa gwanjo nake zaɓowa da hannuna a Kofar Wambai, in kai wa mai gyara ya bi su da zare kafin a raba.

Ribar wannan sana'a tana can gaba da nisa. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shi ya sa ba na wasa da rajista, kuma ba na karɓar yaro sai da takardar haihuwarsa ta gaskiya, ko da ubansa zai yi fushi. Amma duk wannan lissafin a kan abu ɗaya ya rataya: sai an ga yaron yana wasa a babbar ƙungiya, gaban 'yan kallo, da manya suna taka shi yana tashi.

Nan ne aikina yake tsayawa, nan ne kuma zuciyata take ciwo. Akwai wani ɗan tsakiya da na rena tun yana ɗan shekara goma sha biyu, yaron da kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga ya san inda zai kai ta. Wata ƙungiya ta ɗauke shi yana da sha bakwai, muka yi murna, mahaifiyarsa har waina ta yi ta raba wa maƙwabta. Kaka guda cur ya yi yana atisaye da su, ana sa sunansa a benci, ko minti ɗaya bai taka ba. Na je na sami kocin bayan wani wasa da suka ci uku da nema a gida. Na ce, "Koci, don Allah ko minti goman ƙarshe ai da ka jarraba shi." Ya ce, "Malam, wa'adin wasa uku aka ba ni. In yaronka ya yi kuskure, ni za a kora, ba kai ba."

Ban ga baƙinsa gaba ɗaya ba. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, abin da ake so shi ne maki uku na ranar Lahadi, kuma mai iyali dole ya ji tsoron rasa abincinsa. Sai dai yanzu canji biyar doka ta yarda a yi a wasa. In kana gaba da ci uku saura minti goma, me za ka rasa? Yaron da bai taɓa jin ihun filin da ya cika ba, ba zai koye shi a atisaye ba ko zai shekara biyar. Kuma benci yana cin yaro ta ciki: ƙafa ta yi nauyi, ya fara shakkar kansa, daga nan sai wani ejan na bogi ya zo da labarin Turai, a sayar da fili a biya shi.

Kullum misalin Ahmed Musa nake ba kociyoyi. Daga makarantar GBS ta Jos ya fito, aka ba da shi aro ga ƙungiyar JUTH, sannan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana ɗan shekara goma sha bakwai. Da VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, sai da ta jira ya cika sha takwas a watan Oktoba na 2010 kafin ya buga mata. Da an bar shi a benci ana cewa yaro ne, wa zai gan shi? Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, don haka yaran akwai su. A Ikenne, Remo Stars da makarantar Beyond Limits a gida ɗaya suke, yaro yana ganin matakin da zai taka gaba da shi, kuma ƙungiyar ta ɗauki gasar firimiyar Nijeriya a 2025.

Ni dai na canza tsari. Yanzu ba na rawar jiki don babban suna ya nemi yarona. Na fi son in ba da shi aro ga ƙaramar ƙungiya a gasar NLO ko NNL, wato ƙananan gasannin da ke ƙasa da firimiya, inda zai buga minti casa'in duk mako, ya sha tafiyar mota, ya san yadda ake riƙe wasa a waje. Kafin in sa hannu sai na zauna da koci na tambaye shi mutum nawa ne gaban yaron a lambarsa. In sun kai uku, ba na bayarwa. Iyaye ne ke wahalar shawo kai, don kowa yana son a ce ɗansa yana firimiya, amma ina zama da su a zaure in yi bayani har su gamsu.

Shi wancan ɗan tsakiyar na karɓo shi, yana wata ƙaramar ƙungiya yanzu, ƙafarsa ta fara dawowa. Ranar Asabar da shi za a fara wasa. Na riga na yi maganar mota, zan tafi da ƙanensa da wayar da zan ɗauki bidiyon.